Marainiyar Bakin Murhu: Tarihin Tatsuniyar Sindarela

Yaran da suka yi makaranta a Gana da Nijeriya sun san wata yarinya ta cikin littafi mai suna Sindarela. Na Nijar da Cadi da yawancin Kamaru kuwa, inda ake karatu da Faransanci, Sandiriyon suke ce da ita. Sunayen nan biyu ma'anarsu ɗaya ce, gama daga kalmar toka da gawayin murhu aka samo su. Da Bahaushe ne ya raɗa mata suna, da sai ya ce Ƴar Toka. Labarinta sananne ne. Uwarta ta rasu, ubanta ya auri wata mace mai ƴaƴa biyu mata, aka mai da ita kamar baiwa a gidan ubanta, tana kwana a bakin murhu. Ran nan aka yi babban biki a fada, ta sami mai taimako, ta je cikin ado. Wajen gudowa gida ta yar da takalmi ɗaya, ɗan sarki ya sa aka bi gida gida da takalmin har aka same ta, ya aure ta.

Mutane da yawa suna tsammani wani Bature ne ya zauna ya ƙaga labarin domin yara. Amma labarin ya girmi injin buga littafi. Tun kafin ya shiga makaranta ya daɗe yana yawo a bakin tsofaffi a ƙasashe masu nisa da juna, har da ƙasar Hausa. Kowace al'umma ta sauya masa tufafi yadda ta ga dama. Abin da aka riƙe a ko'ina shi ne yarinyar da ta rasa uwa, da irin zaman da ta yi a gidan ubanta.

Takalmin Masar

Mafi daɗewar abin da aka samu a rubuce mai kama da wannan labari yana cikin littafin wani Baheleni mai suna Strabo, wanda ya yi zamani kusa da lokacin haihuwar Almasihu, ya kuwa rubuta labarin ƙasashen duniya. Sa'ad da ya zo kan Masar, sai ya ba da labarin wata mace mai suna Rodofis. Tana wanka a garin Naukratis, sai gaggafa ta sauko ta fizge takalminta ɗaya daga hannun kuyangarta, ta tashi da shi har birnin Memfis. A lokacin sarki yana zaune a fili yana shari'a, gaggafar ta sako masa takalmin a cinya. Kyan takalmin da yadda ya zo suka ba shi mamaki, ya aiki mutane ko'ina cikin ƙasar su nemo mai shi. Da aka same ta, ya aure ta.

Wajen shekara 400 kafin Strabo, Herodotus ya riga ya ambaci wata Rodofis, baiwa da aka kawo Masar, daga baya aka fanshe ta, amma shi bai ce kome a kan takalmi ba. A labarin Strabo kuma babu marainiya, babu kishiyar uwa, babu toka. Takalmi ne kaɗai da sarki mai nema.

Kifin ƙasar Sin

Inda aka fara ganin takalmi da marainiya a haɗe cikin rubutu, a ƙasar Sin ne. Wani ma'aikacin gwamnati mai suna Duan Chengshi, wanda ya rasu a shekara ta 863, yana da son tara labarai na ban mamaki. Ya rubuta labarin wata yarinya mai suna Ye Xian, ya kuma faɗi inda ya ji shi, wato daga bakin wani tsohon baransa, mutumin kudancin ƙasar.

Uban Ye Xian shugaba ne mai mata biyu. Uwarta ta rasu, daga baya uban ma ya bi ta, aka bar yarinya a hannun kishiyar uwa, wadda take aikenta itace a wurare masu hatsari da ɗebo ruwa a wurare masu zurfi. Wata rana ta sami ɗan kifi mai idon zinariya, ta riƙa ciyar da shi da ragowar abincinta har ya girma. Kishiyar uwar ta sa tufafin yarinyar, ta yaudari kifin, ta kashe shi ta cinye, ta binne ƙasusuwan a juji. Wani mutum ya sauko daga sama ya nuna wa yarinya inda suke, ya ce ta ɓoye su, duk abin da ta roƙa za ta samu. Da haka ta sami rigar gashin tsuntsu da takalman zinariya ta je biki, ta yar da ɗaya wajen gudu. Takalmin ya bi hannu hannu har ya kai ga sarkin wani tsibiri, shi kuwa ya neme ta ya tafi da ita. Kishiyar uwar da ƴarta duwatsu ne suka faɗo musu suka mutu. Sarkin ma bai tsira da haɗamarsa ba, gama ya yi ta roƙon ƙasusuwan dukiya har suka daina amsa masa.

Italiya da Faransa

A Turai, cikakken labarin ya fara fitowa a buge a birnin Napoli na Italiya a 1634, cikin tarin tatsuniyoyi 50 na Giambattista Basile, shekara biyu bayan rasuwarsa. Ba domin yara ya rubuta su ba, domin hirar fadawa ne. Yarinyarsa sunanta Zezolla, ba ta kuwa da laushi irin na Sindarelar littafin makaranta. Malamarta ta zuga ta, ta sako wa matar ubanta murfin adaka a wuya ta kashe ta, sa'an nan ta lallashi ubanta ya auri malamar. Bayan ƴan kwanaki amarya ta fito da ƴaƴanta shida da ta ɓoye, aka tura Zezolla madafa, aka riƙa kiranta kyanwar toka. Uban ya manta da ita sarai. Taimakonta ya zo ne ta wurin wani itacen dabino da ta dasa ta yi ta ba shi ruwa.

Amma kamannin da duniya ta fi sani daga Faransa suka fito. Charles Perrault, wanda aka haifa a Paris a 1628, ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin Colbert, babban wazirin Sarki Luwi na 14. Matarsa ta rasu a 1678 ta bar masa yara ƙanana, bayan mutuwar Colbert a 1683 kuma ya fita daga aikin gwamnati, ya mai da hankali ga renon ƴaƴansa da rubutu. A 1697, yana gab da shekara 70, ya fitar da ɗan littafi mai tatsuniyoyi 8 da sunan ƙaramin ɗansa. A cikinsa ne aka ga kabewar da ta zama karusa, ɓeraye shida suka zama dawaki, gafiya ta zama mai tuƙi, ƙadangaru shida suka zama barori. A cikinsa ne kuma aka ga sharaɗin komowa gida kafin sha biyun dare, da takalmin gilashi. Daga baya waɗansu sun ce wai kuskure ne aka yi, takalmin fata mai gashi ake nufi, domin kalmomin biyu suna da lafazi ɗaya a Faransanci. Amma bugun 1697 gilashi ya ce. Dabara ce mai kyau kuwa, gama takalmin gilashi ba ya miƙewa, ba ya buɗewa, sai ƙafar mai shi.

Perrault ya yi abu biyu da suka ba labarin sabuwar fuska. Na fari, mai taimakon yarinyar uwar baftismarta ce, wato matar da ta tsaya mata ranar da aka yi mata baftisma, ko da yake a tatsuniyar an mai da ita aljana mai sanda. Na biyu, a ƙarshe ƴaƴan matar uban suka faɗi a gabanta suna roƙon gafara, ita kuwa ta ɗaga su ta rungume su, ta ba su masauki a fada, ta aurar da su ga manyan fadawa. An juya littafin zuwa Turanci a 1729, daga nan ya bazu.

Jamus

Ƴan'uwan nan biyu, Jacob da Wilhelm Grimm, sun ɗanɗana maraici da kansu. Ubansu ya rasu a 1796, babban yana da shekara 11, gidan da yake da rufin asiri ya faɗa cikin talauci. Da suka girma suka zama masanan harshe, suka shiga tattara tatsuniyoyin Jamusawa, yawanci daga bakin matan da suka sani a garin Kassel. Littafinsu na fari ya fito a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na 7 a 1857. Labarin Ƴar Toka shi ne na 21 a ciki.

A nasu babu uwar baftisma. Uwar ce da kanta, tana bakin mutuwa, ta gargaɗi ƴarta ta riƙe tsoron Allah da kirki. Yarinya ta dasa reshe a kan kabarin, ta shayar da shi da hawaye har ya zama itace, daga kansa ne tsuntsu yake jefo mata tufafi da takalma. Sa'ad da matar uba ta zuba ƙananan wake a cikin toka ta ce sai ta tsince su kafin ta je biki, tantabaru ne suka taya ta. Takalmin na zinariya ne. Da aka zo gwaji, ɗaya daga ƴaƴan matar uban ta yanke babban yatsanta, ɗayar ta yanke dunduniyarta, uwarsu ce kuwa ta miƙa musu wuƙar, tana ce musu matar sarki ba ta bukatar tafiya a ƙasa. Jini ne ya tone su. Daga bugu na biyu, na 1819, aka ƙara cewa ranar ɗaurin aure tantabaru suka ƙwaƙule musu idanu. Saboda haka iyayen da suke so su ba yaransu labarin nan suna da zaɓi tun daga lokacin: ko su ƙare shi da gafara kamar na Faransa, ko da sakayya kamar na Jamus.

Kwaɗon kududdufi

Tsakanin 1911 da 1913 aka buga littattafai uku a Belfast masu suna Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa. Wani jami'in mulkin Ingila, Frank Edgar, shi ya shirya su, da yawa daga rubutun ajami na malaman ƙasar Sakkwato. A cikinsu akwai tatsuniyar wata budurwa da kwaɗo da ɗan sarki.

Wani mutum yana da mata biyu, mowa da bora, kowace da ƴarta. Bora ta rasu, ƴarta ta koma ɗakin mowa. Ita ce itace, ita ce daka, in an gama tuwo kuwa sai a ba ta ƙanzo. Takan je gidan wanta ta ci abinci, ƙanzon kuma ta kai bakin kududdufi ta watsa wa kwaɗi. Ranar biki wani babban kwaɗo ya fito ya ce yau zai rama mata alheri. Ya haɗiye ta ya amayo ta, ya tambayi ƴan'uwansa ko ta miƙe, suka ce ta ɗan karkace, ya sāke haɗiye ta har ta fito sambal. Sa'an nan ya amayo mata zannuwa da awarwaro da zobba da takalma, ɗaya na azurfa, ɗaya na zinariya, ya ce in an kusa tashi daga rawa ta bar na zinariyar a can. Ɗan sarki ya sa aka gwada wa ƴanmatan gari duka, bai shigi kowa ba sai ita. Kwaɗon ne ya yi mata kayan ɗaki, abin da uwa take yi wa ƴarta. Daga baya aka yi dabara aka sa ƴar mowa a madadinta a gidan miji, amma mugun halinta ya tone ta, ta yi mummunan ƙarshe. Amarya ta koma ɗakinta, ta roƙi mijinta aka haƙa wa kwaɗi rijiya a cikin gida. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Neil Skinner ya juya tatsuniyoyin Edgar zuwa Turanci, kashi na fari ya fito a 1969, a 1972 kuma wani masani ɗan Amurka, William Bascom, ya yi rubutu a kan wannan tatsuniya musamman. Abin lura shi ne lokacin da aka rubuta ta makarantun boko kaɗan ne ƙwarai a ƙasar Hausa. Ta Ɗan Hausa a Kano sai a 1909 aka buɗe ta. Ga shi kuma ta fi kama da ta ƙasar Sin fiye da ta Faransa: mata biyu a gida ɗaya, ragowar abinci, dabbar ruwa, takalmin zinariya. Tatsuniya ba ta bukatar takardar shiga ƙasa. Takan bi fatake da masu zuwa haji da bayi da amaren da aka kai wata ƙasa, duk inda ta sauka kuma sai ta sa kayan mutanen wurin.

Abin da ya hana ta mutuwa

A 1893 wata Ba'ingilishiya, Marian Roalfe Cox, ta tara kashi 345 na wannan labari da danginsa cikin littafi ɗaya. A 1951 Anna Birgitta Rooth ta ƙasar Suwidin ta yi nazarin wajen 700. Masu jera tatsuniyoyin duniya sun ba shi lamba 510A. Tambayar da ta biyo baya ita ce, me ya sa mutanen da ba su san juna ba suka riƙe labari ɗaya haka?

Masanin tarihi Robert Darnton ya ba da amsa guda a 1984, daga littattafan rajistar majami'un ƙauyukan Faransa. A zamanin Perrault mata da yawa suna mutuwa wajen haihuwa, aure ba ya daɗewa kafin mutuwa ta raba shi. A ƙauyen Crulai na yankin Normandi, miji ɗaya cikin biyar ya rasa matarsa ya sāke aure. Gona ƙarama ce, abinci bai isa ba, gādo kuma za a raba. Matar da ta shigo da nata ƴaƴan tana ganin kowace loma da ɗan kishiya ya ci daga bakin nata aka cire. Wato masu sauraron labarin ba almara kawai suke ji ba, abin da yake faruwa a gidan maƙwabci suke ji, wani lokaci a gidansu. Toka da ƙanzo su ne gaskiyar da ke cikin labarin. Karusa da ɗan sarki kuwa su ne ta'aziyyar da tsohuwa take iya ba yarinyar da ba ta da ikon fitar da ita daga gidan.

Abin da ya bari

Daga littafi labarin ya hau dandalin wasa. Rossini ya yi masa wasan waƙa a Roma a 1817, inda ya sa mugun ya zama mijin uwa, ya kuma sa munduwa a maimakon takalmi. Georges Méliès ya mai da shi sinima a Faransa a 1899. A 1950 kamfanin Walt Disney na Amurka, wanda bashin sama da dala miliyan 4 ya danne shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya fitar da fim ɗin zane bisa ga labarin Perrault. Fim ɗin ya sami kasuwa ƙwarai, ya tsamo kamfanin, a 2015 kuma suka sāke yin sa da mutane. Yawancin hotunan da yara suke gani a littattafai da kan jakunkunan makaranta daga nan suka fito. A Turanci sunan ya zama karin magana, ana kiran duk wanda aka raina ya zo ya yi fice da shi.

Amma labarin ya bar wani gādo mai nauyi a kan matan uba. Ƴan'uwan Grimm da kansu sun ƙara masa. A tatsuniyarsu ta yarinyar da aka ba tuffa mai dafi, a bugun 1812 uwar da ta haife ta ce take neman ranta. A 1819 suka mai da ita matar uba, domin kada a ɓata sunan uwa a kunnen yara. Ta haka matar uba ta zama juji, kowane laifi a kanta ake zubawa. Mata da yawa sun goyi ƴaƴan da ba su haifa ba, sun aurar da su da hannunsu, duk da haka suna zaune a ƙarƙashin zargi. Waɗansu masu bincike biyu na Kanada, Martin Daly da Margo Wilson, sun fitar da littafi a 1998 da sunan Sindarela a kansa, suna nuna cewa yaron da yake zaune da wanda bai haife shi ba ya fi shiga hatsarin cuta. Waɗansu masana sun yi musu gardama. Amma ko a nasu lissafin, yawancin munanan abubuwan daga mazan uwa suka fito, yawancin masu riƙon kuma ba su cuci kowa ba.

Akwai kuma wanda labarin yake wucewa ta gabansa ba a tsaya an dube shi ba, shi ne uban yarinyar. A na Basile yana da rai, ya manta da ita. A na Perrault yana da rai, yarinya ba ta iya kai masa kuka domin matarsa ta mallake shi. A na Grimm, sa'ad da ɗan sarki ya tambaya ko akwai sauran ƴa a gidan, uban ne da bakinsa ya ce sai wata ƴar tsugul da matarsa ta fari ta bari, ba ta isa a fito da ita ba. A na Hausa shi ne ya fara ƙin uwarta tun tana da rai. Fim ɗin 1950 ya kashe uban tun daga farko, da haka ya wanke shi. Tsofaffin masu ba da labarin ba su wanke shi ba. Sun bar shi a zaure yana cin tuwo, ƴarsa tana kankare ƙanzo a bayan ɗaki.

Shi ya sa a kowane kashi taimako daga waje yake zuwa, ko kifi, ko dabino, ko itacen kabari, ko kwaɗo. Hausawa sun ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Perrault ya rufe nasa da darasi cewa hankali da ƙarfin zuciya da asali ba sa kai mutum ko'ina in ba shi da uban baftisma ko uwar baftisma da za su tsaya masa. Waɗansu suna ganin ba'a yake yi wa fadar Faransa, inda ba a samun kome sai da uban gida. Ko da haka ne, maganar ta shafi duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban ikilisiya ya ɗauki alkawari a kan yaron wani. Aikin da aljanar tatsuniya ta yi da sanda ba wani abu ba ne illa aikin da aka ɗora wa irin wannan mutum: ta zo gidan, ta tarar da yarinya tana kuka, ta tambaye ta abin da ya same ta.

Har wa yau akwai yaran da suke jin labarin nan da dare bayan sun gama wanke tukwanen da ba su ci abin da ke ciki ba. Su ba sa bukatar a fassara musu shi. Ɗan sarki ba zai zo musu da takalmi ba, amma suna da uba a zaure, suna da kawu da gwaggo da maƙwabta, waɗansunsu kuma suna da wadda ta riƙe su ranar baftisma. A tatsuniyar Hausa, kafin kwaɗo ya yi kome, gidan wanta ne yarinyar take zuwa ta ci ta ƙoshi.